Abin Da Muhibba Ta Zana A Allo

"Ɗalibai ashirin duk Asabar," in ji Muhibba.

"Albarka."

"Sha biyar."

"Malama, ɗakin tantabaru gare ni, ba filin ƙwallo ba. Goma. Kuma duk wanda ya yi wanka da turare ya tsaya min a bakin ƙofa."

Ta dube shi sama da ƙasa, ranta na ɗan sosuwa. Da ta taso daga Giginyu da safen nan, ta sa a ranta wani dattijo za ta tarar, mai furfura da kashin tsuntsu a kafaɗa. Sai ga saurayi dogo, baƙi, cikin farar shadda, riƙe da ƙwai biyu a tafin hannu kamar wanda aka ba ajiyar zinare, yana kuma ja da ita kamar ɗan Kantin Kwari.

Ɗahiru ke nan, ɗan Alhaji Badaru mai injin shinkafa. A bayan gidansu da ke Nassarawa, ƙarƙashin tsofaffin darbejiya, ya gina wa tantabaru ɗaki wanda ya fi na wani magidancin kyau.

Ita kuwa Dakta Muhibba malamar jami'a ce, shekararta talatin ba ɗaya. Ita aka ɗora wa kwas ɗin da kowa ke gudu, na juyin halitta, wato yadda jinsin dabba ko tsiro ke sauyawa a hankali daga kaka zuwa jika har ya zama wani iri. Ɗalibai ba haka suke kiransa ba. Kwas ɗin biri suke ce masa. Duk shekara, ranar farko, sai wani ya miƙe daga baya ya yi a'uziyya ya ce shi dai ɗan Adam ne. Tun tana jin haushi har ta gane cewa wanda ya shigo aji da garkuwa ba a fara masa da nesa. Sai ta koma farawa da abin da ido ke gani. Ta tambaye su me ya sa maganin feshin da ke kashe sauro suna yara, yau sauro ke yawo a cikinsa kamar turaren wuta. Daga nan sai baki ya mutu, kunne ya buɗe.

Bana tana son ta ƙara da tantabaru. Wata ɗalibarta 'yar ajin ƙarshe, Nabiha, ita ta ce ɗan wan babanta yana da su iri-iri, ita ce ma ta rako ta.

Shi ma Ɗahiru yana da tasa buƙatar. Fararen tantabarunsa masu wutsiyar ɗawisu, abin alfaharinsa, shekara biyu ke nan rabin ƙwansu bara-gurbi. Waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma, 'yan shilan kan fito da ƙafa a karkace, ba sa kai wata. Likitocin dabbobi sun sha zuwa, sun sha rubuta magani. Ya ce in ta yarda za ta bincika masa dalili, ya ƙara biyu a kan goman.

"Sha biyu ke nan. In kuma na gano?"

"In kin gano, ki kwaso jami'ar gaba ɗaya."

"Ka sallama?"

"Na sallama... Malamar birai."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ci amanarta. A gefe Nabiha na tsaye da farar tantabara a kafaɗa, ita ba ta yi dariyar ba. Muhibba ta gani, ba ta ɗauke shi komai ba.

Asabar ta biyu ta gano. Ba ta taɓa tsuntsu ko ɗaya ba, tambaya kawai ta yi: wannan wa ya haife shi, wancan fa? Ɗahiru ya jero mata asalinsu da ka har kaka bakwai, kamar maroƙi a gidan biki. Ashe duk daga namiji ɗaya da mace ɗaya suka fito. Wa da ƙanwa yake haɗawa, uba da 'ya, don kada farin ya gurɓata.

Ta ce masa ai shi ne ciwon da kansa. Kowane jini, in ji ta, yana ɗauke da wani rauni a ɓoye, wanda ba ya nunawa muddin daga ɓangare ɗaya ya zo. Amma in uwa ta kawo shi, uba ma ya kawo irinsa, sai ya fito fili a kan ɗa. Maganinsa baƙon namiji daga wani gida.

Ya tsura wa fararen ido, kamar maganar ta wuce ta tantabara. Can ya ce zai je Gawuna wajen wani tsoho mai kiwo ya samo namijin.

Ɗalibai kuwa sun samu abin da take so su samu. Takan tsayar da su gaban mai tukku, da mai safa a ƙafa, da mai kumbura maƙoshi, ta ce duk daga tantabarar daji guda suka fito, mai ruwan toka, wadda ba mai kallonta sau biyu. Mutum ne ya yi ta zaɓen wanda zai hayayyafa. To abin da hannun mai kiwo ke yi cikin shekara ɗari, shi fari da cuta da yunwa ke yi cikin dubbai, da ikon Wanda ya tsara su. Har ustazun ajin sai da ya gyaɗa kai, ko da yake ya ce shi a kan tsuntsu kawai ya yarda.

To, ciniki in ya yi daɗi ba ya tsayawa inda aka yanke shi.

Ɗalibai su watse da azahar, Malama ta tsaya duba ƙwai. Duba ƙwan da bai fi na minti biyar ba ya koma awa guda. Daga Malamar birai ta koma Malama, daga Malama ta koma Hibba. Ya fara zuwa Giginyu ranar Laraba bayan la'asar, ya gaida mahaifinta a tsugune. Ita da ta shekara goma tana korar samari da kallo ɗaya, sai ga ta tana canza gyale sau uku kafin ta fito.

Wata Asabar ta tambaye shi me ya haɗa mai digirin kasuwanci da kashin tsuntsu.

Ya daɗe yana murza ƙwayar dawa a yatsa kafin ya ba ta labarin Usaid. Ƙanin Nabiha ne, mai sikila. Rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta. Tun da ba ya iya guje-guje da yara, sai Ɗahiru ya sayo masa fararen tantabaru biyu ya riƙa kallo ta taga. Yana shekara goma sha ɗaya ya rasu. Duk fararen nan jikokin waɗancan biyun ne, shi ya sa bai so baƙon jini ya shiga cikinsu ba. Har yau ba a ambatar sunan yaron a gaban mahaifiyarsa. A dangin ma ba a cewa sikila, sai dai a ce ciwon nan.

"Ban taɓa gaya wa wani na waje ba, Hibba."

"Ni ba 'yar waje ba ce?"

"Da 'yar waje ce ke, da ba ki ji ba."

Ranar ta tuƙa mota har gida tana murmushi ita kaɗai, mai adaidaita sahu ya gogi gefen motar, ta ce masa ya je Allah ya kiyaye gaba.

Hajiya Sakinatu, mahaifiyar Ɗahiru, ita ta tashe ta daga wannan barcin. Ta aiko a kira mata malamar nan su gaisa. Ta karɓe ta hannu biyu, aka kawo zoɓo mai sanyi da dambun nama, ta yi ta sa mata albarka a kan koyarwa. Sannan ta jawo Nabiha kusa da ita, ta dafa kanta.

"Ki riƙe min ita da kyau, Dakta. 'Yata ce kuma surukata. Tana ajiye biro za ta dawo ɓangaren Ɗahiru. Mu gidan nan tun kakanni tuwona maina muke yi, ba ma kai ƙwaryarmu waje."

Nabiha ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma ta ƙasan ido Muhibba take kallo.

Muhibba ta ajiye kofin zoɓon, ta yi musu sallama.

A bakin mota ta tare Ɗahiru. Bai yi musu ba. Ya ce magana ce ta iyaye tun suna yara, kuma shi ba zai auri Nabiha ba. Ta ce to me ya hana shi gaya musu? Ya ce ta ba shi zuwa ƙarshen zangon karatun nan. Ta ce me zangon karatu zai canza?

"Akwai abin da ba nawa ba ne ni kaɗai, ba ni da ikon faɗa. Ki yarda da ni, zuciyata... ki ba ni wannan kawai."

Yarda a baki abu ne mai araha. Ta ce ta yarda.

An ce kishi kumallon mata ne, to digiri uku ba ya hana shi tasowa. Abubuwan da a da ba ta gani, yanzu su kaɗai take gani. Ta lura Nabiha na da nata mukullin ɗakin tantabaru, a haɗe da na motarta. Ta lura yarinyar ta san cokali nawa na sukari yake sha. Ta lura da yadda take jan "Yayana" kamar tana tsotsar alawa, da yadda fararen nan ke sauka a kafaɗarta, ita kuwa Muhibba in ta miƙa hannu sai su watse. Ta fara buɗe sitatus ɗin Nabiha a waya tun kafin ta karya kumallo, ta rufe tana tsinuwar kanta, bayan awa guda ta sake buɗewa.

Abin takaicin, Nabiha ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Da aka yi gwaji, sau uku Muhibba na bin takardarta layi-layi tana neman rabin makin da za ta zaftare. Ba ta samu ba. Ta rubuta ashirin da takwas cikin talatin, har biron ya huda takardar.

Ita ma yarinyar ba kanwar lasa ba ce. Ranar da ake darasi a kan yadda tsuntsaye ke zaɓen abokin hayayyafa, ta ɗaga hannu daga layin gaba, fuska salihar baiwa.

"Malama, in baƙuwar tantabara ta shigo ɗaki, 'yan gida suna barinta ta zauna, ko tsattsage ta suke yi har ta koma inda ta fito?"

"Ya danganta da wanda namijin ya bi."

"To in namijin na gida ne fa, Malama?"

Ajin ya yi dariya ba tare da ya san me yake wa dariya ba. Su biyu kaɗai suka sani.

Ana haka baƙon namijin Gawuna ya yi aikinsa. Ƙwai biyu suka fashe, 'yan shila biyu suka fito, ƙafa miƙe, baki buɗe, cin abinci kamar 'yan dako. Ɗahiru ya kira ta a waya yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Ya ce nata ne su biyun, da sun yi gashi zai kai mata Giginyu da hannunsa. Ta ce me za ta yi da tsuntsu, ita da ba ta da lokacin kanta. Washegari ta kira kafinta ya buga mata akurki, har da fenti.

Ranar wata Litinin da safe, tana zaune a ofis, saura rabin awa ta shiga aji, ta buɗe wayar. Ga Nabiha a tsakar gidansu, kwando a cinya, 'yan shilan nan biyu a ciki. A ƙasan hoton ta rubuta: Abin gida na 'yan gida ne.

Muhibba ta kira Ɗahiru. Bai ɗauka ba. Ta sake kira. Yana wajen injin shinkafa, inda ko tsawa aka yi ba a ji, ta kuma san haka sarai. Amma zuciya in ta hau, ba ta tambayar abin da ƙwaƙwalwa ta sani.

Ta ɗauki alƙalamin allo ta nufi aji.

Darasin ranar na sikila ne, kuma shi ne darasin da ta fi iyawa duk shekara. Ɗalibai ɗari da ashirin, ba ka jin ko tari. Ta tambaye su: ciwon da ke kashe yara tun kafin su yi aure, me ya hana shi ƙarewa a duniya? Ai da tuni ya tafi da masu shi. Ta bar su suka yi ta lalube, sannan ta warware. Wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, mai AS, lafiyarsa lau, har ma zazzaɓin cizon sauro bai cika kayar da shi ba kamar sauran. A ƙasar sauro irin tamu, su ne suka yi ta tsira suna hayayyafa. Kariya ce in ta zo ita kaɗai. In ta haɗu da 'yar'uwarta, AS ya auri AS, kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu na ɗa mai sikila.

A nan takan zana musu wani gida na ƙirƙira su yi lissafi. Shekara huɗu gida ɗaya take zanawa, na wani Malam Wane da ba shi a duniya.

Ranar hannunta ya zana wani gidan.

Murabba'i namiji, da'ira mace. Ta zana wa da ƙane. Ta zana matansu, ta ja layi biyu alamar su ma dangi ne. Ƙarƙashin wan ta sa ɗa namiji guda. Ƙarƙashin ƙanen ta sa mace, a gefenta ɗan ƙaramin murabba'i. Ta tsaya ta cike shi da baƙi, a hankali, har ba sauran fari. Sannan ta ja layi ta soke shi daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Wannan alamar ya rasu ne. Yana shekara goma sha ɗaya."

Ta yi musu lissafin. Yayar mamacin, tun da lafiyarta lau, kaso biyu cikin uku tana ɗauke da ƙwayar. Ɗan wan babanta kuma, a gidan da ba a aure waje, ba shi da tabbas ko kaɗan. Ga shi iyaye sun dage sai an haɗa wannan da'irar da wannan murabba'in. Ta ce wa zai ba su shawara?

Ustazun nan ne ya ɗaga hannu. Ya tambaya shin gidan nan akwai shi, ko misali ne kawai.

Ga ƙofa Allah ya buɗe mata. Kalma ɗaya za ta ce, misali, kowa ya ci gaba da rubutu.

Ta dubi layin gaba. Nabiha ta daina rubutu tun sa'ad da aka fara cike murabba'in. Wayarta na kan tebur, tana ɗaukar bidiyon darasin kamar kullum, ita ce wayar da aka ɗauki hoton nan da ita.

"Ku tambayi masu kiwon tantabaru," in ji Muhibba.

Ba ɗalibin ajin da bai taka gidan Alhaji Badaru ba. Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, daga baya zuwa gaba, kamar iska ta bi ta kan gero. Nabiha ta miƙe. Ta tattara littattafanta, bironta ya faɗi ba ta ɗauka ba, ta fita.

Muhibba ta ji daɗi. Gwargwadon daɗewar sukari a kan harshe.

Kafin la'asar bidiyon ya isa wayar Hajiya Sakinatu. Nabiha ce ta tura, ita kaɗai ta tura wa, da niyyar ta gama da Malama a gidan. Abin da ba ta lissafa ba, Hajiya ba ta iya ajiye zafi ita kaɗai ba. Nan take ta watsa shi a dandalin dangi, ta rubuta a zo a ga yadda mai cewa mutane jikokin birai ne ta tono musu kabari a gaban 'ya'yan mutane. Mahaifiyar Nabiha na cikin dandalin. Ta zauna a kan sallayarta ta kalli yadda aka cike ɗanta da baƙi aka soke shi. Jininta ya hau, aka kwashe ta sai asibiti.

Kwana huɗu Muhibba na kiran Ɗahiru, wayar na shiga ba a ɗauka. Shugaban sashensu ya ba ta takardar gargaɗi, ta karɓa ba ta ma karanta ba. Tana ta gaya wa kanta ai gaskiya ta faɗa, ai ceton rai ta yi, in aka je aka yi gwaji za a gode mata.

Ranar Juma'a da safe aka ƙwanƙwasa ofishinta. Nabiha ce, ba kwalli ba janbaki, idanu sun kumbura. Ba ta zauna ba. Ta zaro takardu biyu daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur.

"Lissafinki daidai ne, Malama. Ki ba kanki maki."

Takardun gwajin jini ne. Ɗaya da sunan Nabiha, ɗaya da sunan Ɗahiru. AS da AS. Muhibba ta kai ido kan kwanan wata. Shekara biyu da suka wuce.

Nabiha ta ce ita ta ja shi suka je, tun tana aji biyu. A kan cinyarta Usaid ya yi kukansa na ƙarshe, ba za ta haifi wani ta sake kallo ba. Tun a motar dawowa suka san babu aure. Ita ta roƙe shi ya rufa mata asiri har ta gama jarrabawar ƙarshe, sannan su samu kawunsu ya bi iyaye a hankali, yadda Mama ba za ta ji sunan ciwon daga sama ba. Kuma Malama ta san gari. Yarinyar da aka ce gidansu akwai sikila, uwar wane saurayi za ta tsaya jin bayanin kaso?

"Ya riga ya gaya wa Kawu sunanki. Sati uku ya rage."

Muhibba ta buɗe baki, muryar ta fito kamar ba tata ba.

"To me ya sa kike... duk abubuwan nan... hoton nan..."

"Don ba zan aure shi ba, shi ne aka ce na daina sonsa?"

Sai a nan hawayen suka zubo mata, ba ta kuma share ba.

"Tun ina 'yar shekara tara ake kirana matar Yaya. Na haƙura don dole. Sai ga ki, da ƙafata na kawo ki, Asabar biyu kika ɗauke shi a kan idona. Ni ma mutum ce, Malama."

'Yan shilan ma, in ji ta, da mukullinta ta ɗauke su ba da saninsa ba. Da ya lura ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce ta mayar kafin azahar, da yammacin Litinin ɗin zai kai su Giginyu.

"Nabiha... ki yafe min."

"Ni ma ai ni na tura bidiyon. Mu biyu muka kwantar da Mama. Ke dai kin fi ni iya zane."

Ta kwashe takardunta ta fita.

Washegari Asabar, Muhibba ta je Nassarawa ita kaɗai, ba ɗalibi ko ɗaya. Ba ta shiga ba, don Hajiya ta ce kada ta sake taka mata gida. Ta tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya ta tura masa saƙo. Ta ɗauka ba zai fito ba. Ya fito. Ya rame, ya kuma gaishe ta da ladabi, ladabin da ya fi mari zafi.

"Dakta. An zo lafiya?"

Da ya zage ta da ta fi samun abin kamawa. Ta faɗi duk abin da ta kwana huɗu ba ta yarda ta faɗa wa kanta ba. Ta ce ta yi laifi, ba ta da hujja. Ta ce za ta je asibiti ta durƙusa, za ta tsaya gaban ajin ta nemi gafara. Ya ce ta je, ya kamata, amma kada ta yi don shi.

Ya ce Hajiya ba ita ce matsalar ba. Uwa ce, in ya shekara yana lallashi za ta sauko. Maganar biri kuwa da raha zai kashe ta a falo ɗaya. Duk wannan ya riga ya shirya masa tun ranar da ta fara ce masa shi ne ciwon tantabarunsa.

"Abin da na kasa haɗiyewa guda ne. Na ɗauko Usaid daga inda na ɓoye shi shekara tara, na sa miki a hannu. Kika kai shi allo."

"Kishi ne, Ɗahiru... wallahi sonka ne ya rufe min ido."

"Na sani. Shi ne ma abin da ya ba ni tsoro."

Ya dube ta, a karon farko tun fitowarsa, ta kuma ga son na nan bai je ko'ina ba. Wannan ya fi komai karya ta.

"Miji ba ya da abin da zai ɓoye wa matarsa, Hibba. Gobe in na sake ɓata miki rai, me zan tarar a allo?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sati uku kawai..." ta ce, ba ta ma san a fili ta faɗa ba.

"Sati uku."

Ya yi mata fatan alheri, ya jira har ta tada mota, don ɗan mutunci ne, sannan ya shiga ya rufe ƙaramar ƙofar.

Ta cika abin da ta ce. Ta je asibiti, mahaifiyar Nabiha ta juya fuska bango. Ta sake komawa, haka. A na uku ne aka amsa mata sallama, iyakarta ke nan. Ranar Litinin ta tsaya gaban ɗalibai ɗari da ashirin ta ce ta ci amanar da aka ba ta, kada wani cikinsu ya koyi wannan daga gare ta, sauran darasin dai su riƙe.

In an zo rabon riba da asara, ɗaliban nan su suka fara dara. Fiye da rabinsu sun je an gwada jininsu kafin hutu, ustazun nan a sahun gaba. Nabiha ta fita da sakamakon da ya fi na kowa, ba a ƙara mata ba, ba a rage ba, sai dai asirin da ta shekara biyu tana rufewa yanzu har mai sayar da kati a bakin jami'a ya san shi. Hajiya Sakinatu ta yi asarar tuwona maina, don da Alhaji Badaru ya ga takardun nan biyu ya ce daga yau ba ɗan gidansa da zai ƙara auren ɗan gidansa sai an duba jini, in ya so a nemo daga ko'ina.

Babbar riba kuwa ta wata ce da ba ta san ma an yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Tudun Wada, mai sanyin magana, wadda ta yi jinyar mahaifiyar Nabiha. Bayan shekara guda da 'yan watanni aka kai ta ɓangaren Ɗahiru, mace ta farko daga waje a tarihin gidan, Hajiya da kanta ta riƙo hannunta.

Ƙofar da Muhibba ta ɓalle da kafaɗarta, wata ce ta shiga da lalle a ƙafa.